Ja da Tsanwa a Ƙofar Ruwan Boyekai

Ƙofar ba ta tashi faɗowa ba sai da ta bari kowa ya hallara. Dattawan Boyekai suna kan tabarmi, manoman albasa sun yi layi a bakin kanal, har da mai ɗaukar hoto da ƙungiyar manoma ta ɗauko daga Goronyo. Liman ya shafa addu'a, Halliru, wanda maƙerarsu ce ta haɗa ƙofar, ya kama wilin da ke jan sarƙa ya fara juyawa. Sarƙa ta ɗaga ƙofar ƙarfen a hankali, ruwa ya fara bi ta ƙasanta, mutane suka soma kabbara. Sai sarƙar ta yi wata irin ƙara ta tsinke. Ƙofar ta rikito ta cake a karkace cikin ramin siminti, ta toshe ruwan gaba ɗaya, ba ta yin sama ba ta yin ƙasa.

Allah ya tsare, ba ta taɓa kowa ba. Wani manomi da ya sunkuya yana son ya fara taɓa ruwan da hannunsa ya koma baya ya zauna daɓas a cikin laka, yana ta salati. Halliru kuwa ya tsaya riƙe da wili da guntun sarƙa na lilo a gabansa, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Alhaji Atiku, shugaban manoman, bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya tako har gaban Halliru ya dube shi sama da ƙasa.

"Wanga shi na aikin ɗiyan Sarkin Maƙera?" in ji shi. "Mun ce a yi muna ƙohwad da za ta buɗe ruwa, kun zo kun yi muna wadda ka ruhe shi. Albasammu na can tana jiran ruwa. Ka gaya ma tsohonka, in ba ku iyawa ku hwaɗi, mu tahi Sakkwato mu nemi masu iyawa."

Halliru ya ba da haƙuri har bakinsa ya bushe. Da ya waiwaya neman ƙanensa Mudathir, sai ya hango shi can gindin dogonyaro, ya harɗe hannu a ƙirji, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Duk wanda ke wurin ya firgita da faɗuwar ƙofar, ban da shi.

A hanyar komawa Wurno ba wanda ya ce wa wani uffan. Wannan ba sabon abu ba ne. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, makarantar fasaha ɗaya suka yi a Sakkwato, maƙera ɗaya suke aiki, amma an daɗe rabon da su ci abinci a kwano ɗaya. Abin ya ƙara tsami tun ranar da ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifinsu, Sarkin Maƙera Tambari, ya tara su ya ce da zarar ƙofar Boyekai ta tsaya zai miƙa masaba. Masabar nan tsohuwar guduma ce da ya gada, ba a ma aiki da ita yanzu, amma a gidansu duk wanda aka damƙa wa ita da hannu biyu aka yi masa addu'a, shi ne mai maƙera, maganarsa ce magana. Tambari bai faɗi suna ba, bai kuwa buƙaci faɗa ba. Halliru ne babba, shi ne kuma wanda aka sani da iya wuta. Mudathir tun yana yaro uban ya yanke cewa ƙirjinsa ba shi da ƙwari, kullum yana tari a gaban wuta, bai dace da guduma ba.

Maƙerar ta daɗe da wuce lauje da fartanya. Yanzu walda ake yi, ana haɗa injin sussukar shinkafa da ƙofofin ruwa, kuma kafin a yanka ƙarfe sai an zana aikin a kwamfuta da manhajar CAD. A manhajar nan abu iri biyu ne. Akwai wanda su biyun suke kira fata, wato siffa ce kawai mai tsawo da faɗi, ba ta da kauri ko na gashi. Akwai kuma dunƙule, wanda aka riga aka ba shi kauri ya zama ƙarfe sosai. A ido duk ɗaya suke in ba a raba musu launi ba. Amma in ka tambayi kwamfuta nauyin aiki, dunƙule kaɗai take aunawa, fata a wurinta iska ce.

Mudathir ke zane, Halliru ke dubawa ya karanta nauyi ya zaɓi sarƙa. Tun ranar da suka sayi kwamfutar Halliru ya shiga saitin launi da kansa ya sa fata ta riƙa fitowa ruwan ɗorawa, dunƙule kuma shuɗi. Doka ɗaya ce: in da sauran ruwan ɗorawa a zane, aiki bai ƙare ba.

Suna isa maƙera Halliru ya wuce ɗan ɗakin da suke ce wa ofis, ya buɗe zanen ƙofar. Ga ta nan yadda ya gan ta ranar da ya zaɓi sarƙa, daga sama har ƙasa launi ɗaya, wani irin launin busasshen kara. A lokacin ya lura shuɗin ya ɓace, ya tambaya, Mudathir ya ce ya canza ne don zanen ya yi kyau in za a nuna wa manoma. Shi kuma ya ga launi ɗaya ya ɗauka komai ya zama dunƙule. Yau sai ya yi abin da ya kamata ya yi tun wancan lokacin, ya taɓa babban fallen ƙofar ya nemi kaurinsa. Babu. Fallen da ya fi komai nauyi a jikin ƙofar, fata ne. Shi ya sa kwamfuta ta ba shi nauyin da bai wuce na ɗan maraƙi ba, ga aikin da nauyinsa ya kai na bijimi. A guntu-guntu aka kai ƙarfen Boyekai aka haɗa shi cikin ramin, ba wanda ya taɓa ɗaga shi ɗungurungum balle ya ji.

Ya buɗe saitin launi. Launukan ba za su gaya masa komai ba, amma sunayensu a rubuce suke, kuma karatu dai ya iya. Fata, ja. Dunƙule, tsanwa.

Ya tashi ya rufe ƙofar ofis don kada masu walda su ji, sannan ya ƙwala wa ƙanensa kira ta taga. Mudathir ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya jingina da bango.

"Ja da tsanwa," in ji Halliru. "Dut launukkan da Allah ya yi, ja da tsanwa kaz zaɓa."

"To mi na na laihi ciki, Yaya? Tsanwa launin manoma na, sun gani sun ji daɗi. Ja kuwa duniya dut ta san haɗari shika nuhi. Hwallen ga ban ba shi kauri ba don ina jiran su Alhaji Atiku su hwaɗi kaurin da suka so. Na bar shi ja, ja wur, ko jariri ya gan shi. Aikinka na ka duba."

"Kai ka san ban ganin shi."

"Ni?" Mudathir ya ɗaga gira. "Wa ya san haka? Baba ya sani? Masu walda sun sani? Ni dai abin da nis sani, yayana shi na gwanin wuta na Wurno dut."

A nan ne maganar take, kuma su biyu kaɗai suka rage a duniya da suka san ta. Halliru ba ya raba ja da tsanwa, haka aka haife shi. Yana ɗan shekara takwas ya sa hannu ya ɗauki ƙarfen da ya fito daga wuta, don shi a idonsa baƙi ne. Tambari ya ce sakarci ne, ya haɗa masa da bulala a kan ƙuna. Mahaifiyarsu Uwaliya ce ta gane, domin ta ga irin abin a wurin wanta, wanda har ya tsufa ba a aikensa tsinkar tattasai. Ta san mijinta, ta san abin da zai yi da ɗan fari da ba ya ganin jan ƙarfe. Sai ta kira ƙaramin ta ce, tunda kai ke kan zuga-zugi, duk sanda ƙarfe ya yi ja yadda ake so, ka yi tari. Haka aka yi ta yi. Mudathir ya yi tari, Halliru ya zare ƙarfe ya buga, Tambari ya yi ta alfahari da ɗansa mai ido. Uwaliya ta rasu ba ta faɗa wa kowa ba. Da aikin kwamfuta ya shigo, Halliru ya rungume shi hannu biyu, yana ganin ya rabu da ja ke nan har abada.

"Da ƙohwag ga ta hwaɗa ma mutumin nan hwa?" in ji Halliru. "Da ka kashe ɗan mutane don guduma?"

Wannan ta shiga. Mudathir ya kau da kai, ya daɗe yana kallon tsumman hannunsa. Amma da ya ɗago, fuskar nan ta koma yadda take.

"Ban zaci za ka kai ta hab Boyekai ba. Na zaci za ka zo ka tambaye ni, ka ce Mudathir duba mini. Kalma guda. Amma ina, girman kai bai barin ka. Ka hi son ka yi ta zato da ka roƙe ni."

"Gobe sai ka maimaita ma Baba haka."

"Ni ba ni da abin hwaɗi ga Baba sai guda: na sa ja. Kai kuma ka hwaɗa mai abin da kaka iyawa."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe. Halliru ya zauna yana kallon tabon da ke tafin hannunsa. Ya tsani ƙanensa a lokacin, tsana ta gaske, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne an ɗaure shi ta ko'ina. In ya yi shiru, shi ne sakaran da ya ga ja ya yi biris. In ya yi magana, duk yabon da aka taɓa yi masa a gaban wuta ya tashi a banza.

Ba a kai gobe ba labari ya riga su shiga gida, Alhaji Atiku ya buga wa Tambari waya da kansa. Washegari da hantsi tsohon ya sa aka fito da shi zaure, aka jingina shi da matashi, ƙafafunsa a kumbure a miƙe. Masaba na gefensa a kan buzu, ƙotarta ta yi baƙi da hannun mutanen da suka riƙe ta. Tambari mutum ne da ciwo bai rage masa komai a harshe ba.

"Shekara da shekaru ina aiki ma mutanen Goronyo da Rabah," in ji shi, "ba a taɓa kira na aka ce mini ko ƙusa ta karye ba. Ku kun yi boko, kun kawo mini talabijin cikin maƙera, ga sakamako. To ku buɗe shi in ga inda ƙohwat ta hwaɗi."

Mudathir ya durƙusa ya ajiye kwamfutar a gaban uban, ya yi bayani tiryan-tiryan, murya ƙasa-ƙasa kamar mutumin kirki. Wannan fata, wannan dunƙule. Fata ba ta da nauyi. Shi ya sa ake ba ta launi daban, don mai dubawa ya gani.

Tambari ya matso da fuskarsa. Bai san komai a kwamfuta ba, amma idonsa garau yake.

"Wanga jan na kaka nuhi? Wanga da yac cika allon awa jinin layya?" Ya juya ga Halliru. "Kai kuma ina idonka yat tahi?"

"Baba, allon na... in da hasken rana, jan bai hita sosai."

Ƙarya ce mara ƙafa, shi kansa ya ji haka tun kafin ya rufe baki. Tambari ya yi tsaki.

"Ni da nit tsuhwa ina ganin shi, kai da ƙuruciyakka bai hita? Ko dai ba ka buɗe zanen ba ma, kana can kana shan iska kana jiran a ba ka masaba? Mudathir, buɗe wani aikin. Nan zaure ba rana. Shi nuna mini jan da hannunai in gani."

Mudathir ya buɗe zanen injin sussuka da suke cikin yi. Wannan ba ƙofa ba ce mai falle ɗaya, tarkace ne birjik, murfi da ganga da ƙafafu da haƙora, kuma Halliru bai riga ya duba shi ba. Ya durƙusa gaban allon. Duk abu ɗaya ne, busasshen kara a kan busasshen kara. Ya ɗaga yatsa ya fara bi a hankali daga hagu, ya wuce ƙafar injin, ya wuce ganga. Yatsan ya iso kan murfi.

Mudathir ya yi tari.

Ɗan tari ne gajere, busasshe, wanda Halliru zai gane ko cikin kasuwar Achida ne. Jikinsa ma ya riga shi amsawa, yatsan ya tsaya cak kamar yadda hannunsa ya saba zare ƙarfe. Abin da ya rage kawai ya ce ga shi. Zai sha zagi, wataƙila masabar ta ɗan jinkirta, amma asirinsa na nan a rufe.

Sai dai ba asirinsa kaɗai zai rufu ba. In ya nuna jan, to yana gani ke nan, kuma in yana gani, Mudathir bai yi laifin komai ba da ya sa ja. Ko tausayi ne ya fito da tarin, ko sabo, ko wayo, Halliru bai sani ba, mai yiwuwa mai tarin ma bai sani ba. Abin da ya sani shi ne, in ya karɓi wannan, zai ci gaba da karɓa har ya mutu, a hannun mutumin da ya kusa kashe manomi don ya tuna masa da haka.

Ya janye yatsansa ya ɗora hannun a cinya.

"Ban ganin shi, Baba."

"Mi kac ce?"

"Ban ganin ja. Ban raba shi da tsanwa. Ban taɓa ganin shi ba tun da aka haihe ni." Ya buɗe tafin hannunsa ya miƙa. "Ranad da nid ɗauki ƙarhen nan kab buge ni, baƙi na nig gani."

Tambari ya dubi tabon, ya dubi ɗansa.

"Ƙarya kaka yi. Ni da idona na ga kana zare ƙarhe daidai, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Wanda bai ganin ja bai yin haka."

"Tari na nika saurare. In ƙarhe ya yi, Mudathir shi yi tari, ni in zare. Inna ta shirya muna haka."

Tambari ya juya a hankali ya zuba wa ƙaramin ido, kamar yau ya fara ganinsa.

"Tarin ga da nik kai ka asibiti Sakkwato saboda shi? Wanda nis sa aka yi ta dahwa maka saiwoyi? Wanda nic ce saboda shi ba ka ɗaukag guduma?"

"Shi na," in ji Mudathir. Ladabin muryar nan ya tafi. "Lahiyata lau, Baba. Ban taɓa ciwon ƙirji ba. Na sha ɗacin maganin da ban buƙata, na ji kana ce ma baƙi wanga na gwani, wancan kuwa sai addu'a. Ni ka ganin wuta, shi ka karɓay yabo. Ko sau guda bai taɓa ce mini sannu ba."

Wannan gaskiya ce, kuma Halliru bai musa ba. Bai taɓa cewa ba. Ya riƙa ganin in ya yi godiya kamar ya amsa cewa akwai abin godiyar ne.

"Kahin ja da tsanwa, wane launi ka cikin abin ga?" Tambari ya tambaya.

"Shuɗi da ɗorawa," in ji Halliru. "Su ina ganin su."

"Wa ya canza?"

Mudathir ya sunkuyar da kai. Tsohon ya daɗe yana numfashi da ƙyar. Da ya sake magana, bangon zaure yake kallo.

"Uwakku ta san wanga dut, ta kwana da ni ta tashi da ni, tab bar ni ina dukan yaro kan abin da Allah ya yi mai?"

"Tsoronka taka ji, Baba," in ji Halliru. "Dukkammu tsoronka muka ji."

Tambari bai ce ya yi nadama ba, ba irinsa ba ne. Ya dai sa gefen rawani ya goge fuska kamar zufa ce ta dame shi. Daga nan ya koma Sarkin Maƙera.

"Halliru, maƙera wuta ta. Ban iya ba da ita ga wanda bai ganin ta, ko da ɗana na na hwari. Kuma ka ga launi ya canza, kag gwammace ka yi zato da ka tambaya. Wanga laihinka na, ba na ido ba."

"Na ji, Baba."

Ya ji ɗin, kuma maganar ta yi masa zafi fiye da yadda ya zata. Tun yana yaro yake kallon gudumar nan a matsayin tasa.

Mudathir ya gyara durƙuso, ya buɗe hannuwansa biyu yadda ake yi. Tambari ya dubi hannuwan. Bai ɗauki masabar ba. Sai ya sa kumburarriyar ƙafarsa ya ture ta daga kan buzu, ta gangara ta faɗi a ƙasa tsakaninsu.

"Ɗauka. Taka ta, ba wani. Ubana da hannu biyu yab ba ni ita, yas sa mini albarka. Ni hannuna bai miƙa ta ga wanda yas san inda ɗan'uwanai bai gani, yat tahi can yag gina mai rame. Ɗauki abinka ka tashi."

Mudathir ya tsaya da hannuwa a buɗe, yana jira ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba. Tambari ya rufe ido ya juya fuska bango. A ƙarshe dai Mudathir ya sunkuya ya ɗauki masabar daga ƙasa, ya kakkaɓe mata ƙura da hannun riga, ya fita ba sallama.

Halliru ya ɗauki kwamfutar ya koma ofis. Ya shiga saitin launi, ya goge ja ya sa ruwan ɗorawa, ya goge tsanwa ya sa shuɗi, sannan ya buɗe zanen ƙofar. Ga fallen nan ya fito ɓaro-ɓaro, ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasa, ya cika allon. Wannan ne abin da kowa ke gani tun farko. Ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya cika da ƙwalla, bai kuma damu ya share ba.

Ya ba fallen kaurinsa, ya zama shuɗi. Ya nemi nauyi, kwamfuta ta faɗi gaskiya. Ya tashi ya shiga sito ya jawo sarƙar da ta dace, mai kaurin babban yatsa, ya kira masu walda biyu ya ce su ɗora injin ɗaga kaya a mota, albasar mutane na jiran ruwa.

Hanyar fita ta gaban wuta take bi. Mudathir na tsaye a wurin shi kaɗai, masaba a hannunsa, ya rasa inda zai ajiye ta. Masu walda sun riga sun ji yadda aka ba da ita, ba wanda ya je yi masa barka. Halliru ya wuce da sarƙa a kafaɗa. Ya kai bakin ƙofa ke nan ya ji tari a bayansa, gajere, busasshe.

Ko hayaƙi ne ya sarƙe shi wannan karon, ko wata magana ce yake son yi, Halliru bai tsaya ya sani ba. Ya jefa sarƙar a bayan mota, ya ce wa direba su tafi Boyekai.